Duniyar da Assu Ya Gano

Ranar da Nazha ta fita takaba, ta tuɓe fararen kayan da ta yi watanni tana fama da su, ta ninke ta miƙa wa maƙwabciya ta kai wa mabukata. Daga nan ta tsaya gaban kabad ta rasa abin da za ta saka. Ja da kore duk ɗaya suke a idonta. A ƙarshe ta jawo wata tsohuwar jallaba ruwan toka don ita ce ta fi kusa da hannu, ta zura, ta zauna bakin gado tana jiran ta ji wani abu. Ba ta ji komai ba, sai ƙarar hon ɗin mota a ƙofar gida.

Si Tuhami ne, shugaban aikinsu na kallon taurari a can kan dutse, abokin mijinta Assu tun suna ɗalibai a Fas. Mutum ne da Allah bai hore masa yin shiru ba, ko a maƙabarta sai da ya sami wanda ya ba labari. Ya buɗe mata ƙofar motar yana cewa, "Lalla Nazha, barka da fitowa. Wallahi dutse ya yi kewarki. Ni kuwa lissafin nan naki ya kusa zautar da ni, gashin da ya rage mini guda uku ma na tsige su."

"Allah ya mayar maka da su," in ji ta.

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta, don ya ji daɗi ta amsa.

Assu ya faɗi ne a kasuwar Midalt, yana cinikin tuffa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciyar ta daɗe da lalacewa, ya dubi Nazha ya tambaye ta ko bai taɓa yi mata ƙorafi ba. Ta ce bai taɓa ba. Aka ba ta agogonsa da makullansa a cikin leda, ta karɓa ta yi godiya. Mata sun cika gida suna kuka, ita tana bin su da kofunan shayi. Wasu suka ce tawakkali ne, wasu suka ce taurin zuciya ne na matan boko. Ita dai ta san ba ko ɗaya ba ne, abin ne kawai bai iso wurinta ba.

A hanya Si Tuhami ya kwance mata jakar labari. Mujallar da suka aika wa bincikensu ta karɓa. Jami'a na shirin taro na musamman, za a sanar da duniyar da Assu ya gano, za a kuma sa sunansa a babban ɗakin karatu.

Ita wannan duniya ba wanda ya taɓa ganinta da ido, ba kuma mai ganinta. Abin da ake gani shi ne tauraron da take zagayawa. In duniya na kewaya tauraro takan ɗan ja shi, sai ya riƙa rangaji, ya matso ya koma. Rangajin yakan bayyana a cikin haskensa in an tsaga hasken an baje shi, sai a ga wasu siraran layuka suna gocewa hagu da dama da abin da bai kai kaurin gashi ba. Assu ne ya ƙera na'urar da ke tsaga hasken, shekara da shekaru yana haɗa ta da abin da ya samu. Nazha kuwa ita ke zama gaban kwamfuta kowace safiya a gari tana auna gocewar. Ɗigo bayan ɗigo, sai ga layi yana hawa yana sauka a kan ƙa'ida, a jikin wani tauraro mai dushi-dushi da manyan gidajen kallo ba su damu da shi ba.

"Sai dai akwai 'yar matsala," in ji Si Tuhami, bayan sun wuce gonakin tuffa sun fara hawa. "Ƙarama ce, kada ki ɗaga hankalinki."

"Hankalina a kwance yake."

"Awon da muka yi a 'yan watannin nan, shiru. Tauraron ya tsaya cak kamar an kafa shi da ƙusa. Amma kin san hunturun bana, gajimare da ƙanƙara, daren kirki nawa muka samu? Ni na ce ma Hajja ce take nata takabar."

Hajja ita ce na'urar. Assu ne ya raɗa mata sunan, don a cewarsa halinta ɗaya da tsohuwa mai dukiya: ba ta son zafi, ba ta son sanyi, ba ta son motsi, ba ta son baƙi. Tana zaune a wani ɗaki a ƙarƙashin ginin madubin hangen nesa, hasken tauraro na sauko mata ta wani siririn zaren gilashi. Ɗumin ɗakin ɗaya ne rani da hunturu. Dokar Assu kuwa kowa ya haddace ta, ba mai shiga. Ya taɓa tare wani babban baƙo daga Rabat a bakin ƙofar, da jama'arsa da masu ɗaukar hoto, ya ce masa numfashinsa kaɗai zai ɓata aikin mako guda. Baƙon ya koma yana huci, Si Tuhami ya yi wata yana ba da haƙuri.

Sun isa da azahar. Ƙanƙara ba ta gama narkewa a inuwar duwatsu ba, iska kuma tana shiga har ƙashi. Suka yi salla, suka ci burodi da man zaitun a ɗakin aiki na sama, inda hita ɗaya tilo take ta gurnani ba ta ɗumama komai sai ƙafar wanda ya manne mata. Kujerar Assu na nan, wani ya ɗora kwalin wayoyi a kai. Nazha ta dube ta, ta ɗauke kai.

Da la'asar Si Tuhami ya kunna fitilar awo. Haka ake yi kullum kafin rana ta faɗi. Fitilar tana da nata layukan da aka san mazauninsu, da ita ake saita Hajja kamar yadda mai shago ke saita sikeli kafin ya fara awo. Taurari masu haske akan kunna fitilar tare da su a lokacin kallo. Shi kuwa tauraron Assu ya yi rauni da yawa, fitilar takan danne shi, don haka da saitin la'asar kaɗai ake dogara. Si Tuhami ya bar fitilar tana ta ɗaukar awo a jere, ya ce bari ya nuna mata lafiyar Hajja ƙalau, ya shiga hura wutar shayi.

Nazha ta ce za ta sha iska.

Ba iska ta sha ba. Ta bi matakala ta sauka ƙasa, ba don ta yi niyya ba, ƙafafunta ne suka kai ta. Makullan Assu na aljihunta, tun ranar asibiti take yawo da su. Na uku da ta gwada ya buɗe. Ta san dokar sarai, ita ma ta sha faɗa wa ɗalibai. Ta shiga ta mayar da ƙofa.

Ɗumi ne ya fara tarar ta, ɗumi mai laushi irin wanda babu shi a ko'ina a kan dutsen nan. Hajja na tsakiyar ɗaki, doguwar akwatin ƙarfe baƙa a kan ƙafafun siminti. Ma'aunin zafi na jikin bango kusa da ƙofa, da 'yar koriyar fitilarsa. Nazha ta zagaya bayan akwatin, inda ta bar wani lungu tsakaninta da bango wanda ba a hangowa daga ƙofa.

Buzu ne shimfiɗe a lungun, gashinsa ya kwanta a tsakiya saboda yawan kwanciya. Ga bargon ulu mai ratsin ja, wanda ta yi ta nema a gida shekara biyu da suka wuce har ta zargi mai wanki. Ga tsohuwar rigar sanyi an dunƙule ta an yi matashi. A gefe kofin shayi ya bushe, da fankunan magani barkatai, waɗanda ba ta taɓa ganin irinsu a gidanta ba.

Ta tsuguna ta ɗauki fanko ɗaya ta karanta. Ta ajiye shi daidai inda ta ɗauka. Sai ta cire takalmi ta kwanta a kan buzun, ta ja bargon. Bayanta ya jingina da cikin Hajja, don lungun ba shi da faɗin da zai hana. Ba ta yi tunanin komai ba. Barcin da ya gagare ta tun kaka ya zo ya ɗauke ta kamar an jefa dutse a rijiya.

Bugun ƙofa ne ya tashe ta.

"Lalla Nazha! Ke ce a ciki? La ilaha illallahu! Fito, don girman Allah fito!"

Ta buɗe. Si Tuhami na tsaye da butar shayi a hannu, ya manta yana riƙe da ita. "Ke ma? Ke da kika fi kowa sani? Da Assu na raye da yau ya sake mu gaba ɗaya, ni da ke! Na duba bayan gida, na duba bakin kwari, na ce ko kin zame. Ina komawa na ga layukan fitila suna tafiya kamar tumaki sun ga ƙofa a buɗe."

"Sun goce?"

"Sun goce mana! Abin mamakin ma, ma'aunin bango bai ce uffan ba. Dubi, ko gezau."

Ta dubi koriyar fitilar. Gaskiya ne, lambar ba ta motsa ba. Injin da ke daidaita ɗumin ɗakin ya shanye ɗumin jikinta kafin ya kai bango, amma ƙarfen da ta jingina da shi ya riga ya sha nasa.

"Da nawa suka goce?" in ji ta.

"Zo ki gani da idonki."

Suka hau sama. Ta zauna gaban allon kwamfuta, ta dubi lambar. Ba ta bukaci takarda ko alƙalami ba, lambar nan ta fi sanin ta fiye da lambar wayarta. Kusan daidai take da rangajin tauraron Assu. In an saita Hajja da la'asar cikinta da ɗumin mutum, dare ya yi ta huce, to duk abin da ta auna a daren zai fito a karkace. Tauraron da ke tsaye zai zama kamar ya matsa.

"Si Tuhami," ta ce, "je ka leƙa bayan Hajja."

"In shiga? Yanzu na gama yi miki faɗa."

"Ta riga ta ɓaci. Je ka."

Ya tafi. Ya daɗe. Da ya dawo ya ajiye butar a ƙasa, ya ture kwalin wayoyin ya zauna a kujerar Assu, karo na farko da Nazha ta gan shi bakinsa a rufe. Can ya ce, "Bargon nan na san shi. Na taɓa ganinsa da shi a mota, na ce masa tsufa ya kama shi."

"Ku uku kuke karɓa-karɓar hawa dutse," in ji ta. "Kai, da shi, da Si Lahbib. Kowa ya yi kwanakinsa ya sauka. Daga hawan Assu zuwa wani hawan nasa, tsawon zagayen duniyar ke nan."

"A'a. A'a, Lalla Nazha. Mun duba wata, mun duba yanayin shekara, mun duba iska da laima, masu tantancewar mujalla sun juya mu ciki da bai."

"Ba wanda ya duba mutum."

Haka ne kuwa. Wa zai duba? Sun zargi sama da ƙasa, sun zargi waya da gilashi, amma ba wanda zai zargi mai doka da karya dokarsa, ga kuma ma'aunin bango kullum yana ba da shaidar cewa ba a shiga ba. Shi ma Assu da shi ya dogara, mai yiwuwa. Ya kwanta, ya tashi, ya dubi koriyar fitilar ya ga ba ta motsa ba, ya ce ai Hajja ba ta ji ba. Ko kuma daga baya ya fara zargi, don ta tuna yadda yake ta jan ƙafa a kan aika binciken, kullum a ƙara haƙuri, a ƙara awo. Wannan kam sai dai a tambayi kabari.

Si Tuhami ya tashi ya fara kai da kawo. Maganarsa ta dawo, amma ba da dariyarta ba.

"Saurara, 'yar'uwa. Daga ni sai ke muka san wannan. Ban ce mu yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi mu bar abin ya bi hanyarsa. Duniyoyi nawa aka sanar, bayan shekaru wani ya zo ya ce babu? Ba wanda aka rataye. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa a kan dutsen nan, takwarorinsa suna Turai suna shan ɗumi. Abu ɗaya tak zai bari da sunansa. Kuma ni da bakina na je ƙauye na faɗa wa mahaifiyarsa Lalla Itto ɗanta ya gano duniya. Tsohuwar nan ta sa an fito da ita tsakar gida in nuna mata wajen da take. Yanzu in koma in ce mata me? In ce barci yake yi?"

Nazha ta saurare shi har ya gama. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba, ta nemi tausayi shi ma babu. Abin da ya rage mata shi ne sana'a, ita kuwa sana'ar ba ta san makoki ba.

"Masu manyan madubai za su juya kan tauraron nan da zarar an sanar," in ji ta. "Wata biyu ya ishe su. Za su ce na'urar Assu ce ba ta da kyau. Na'urar kuwa lafiyarta ƙalau, ta ji ɗumin mutum ta cikin ƙarfe, abin da ma'aunin bango bai ji ba. Ka rubuta wa mujalla mun janye. Ka faɗi dalili yadda yake."

"Da buzun da komai?"

"Ka ce mutum ya riƙa shiga ɗakin. Lalla Itto kuma ka bar ni da ita."

Ya share fuska da tafin hannu. "Wallahi kin fi shi taurin kai. Shi aƙalla yakan yi ihu."

"Buɗe mini awon gaba ɗaya, tun daga farko."

Ya buɗe. Ɗigogin suka jeru daga wannan gefen allo zuwa wancan, kowanne da kwanan watansa a ƙasa. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, ita ta dasa su da hannunta. A shekarar farko layin a miƙe yake, sun ce lokacin Hajja ba ta gama saituwa ba. Ya fara lanƙwasa ne a hunturun da bargon ya ɓace. Daga nan hawa da saukar suka riƙa ƙara fitowa, kowane wata ya fi na baya. Sun ce gwaninta ce ta ƙaru, awo ya ƙara tsabta. Ranar da abin ya fito fili har ba mai musu, ta sayo kek a hanya, ta dafa tajin, farfesun kaza da zaitun, ta kira maƙwabta. Assu ya ci loma biyu ya ce murna ta ƙosar da shi.

Ashe tsawon kwanciyarsa ne yake ƙaruwa. Shekara biyu tana zama da kofin kofi kowace safiya tana auna ciwon mijinta daidai wa daida, tana zana shi a allo, tana aika wa mutane su taya ta murna.

Ta kai yatsa kan ɗigon da ya fi kowanne nisa, na hawansa na ƙarshe. Da ta gan shi a lokacin sai da ta tafa. Ita da ta kwanta daga la'asar zuwa yanzu ba ta kai layin ko kusa da nan ba. Wanda ya kai shi can tun hantsi yake kwance.

"Wannan wace rana ce?" in ji Si Tuhami, ya sunkuyo yana gyara tabarau.

Ba sai ta karanta ba. Ranar ce injin wanki ya fashe ya cika mata kicin da ruwa, ta yi ta kiran wayarsa tun safe har magariba bai ɗauka ba. Ba a shiga ɗakin Hajja da waya. Da ya sauko bayan kwana biyu ya ce mata aiki ne ya riƙe shi, ta ce ai dama ƙarfen can ya fi ta daraja. Ta ajiye masa abinci a tebur ta shige ɗaki, ya ci shi kaɗai. Washegari ya ce zai je kasuwa ya sayo mata tuffa, ta ce ya yi duk abin da ya ga dama.

"Lalla Nazha?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa. Abin da ya yi watanni yana hanya ya iso a lokacin, gaba ɗayansa, ta dafe bakin tebur da hannu biyu.

"Sanyi yake ji, Si Tuhami," ta ce. "Sanyi yake ji, ni kuma ina can ina tafi."